Kwana Casa'in na Malam Turɓaya

Fom ɗin ya sha ninki har ya fara yagewa a tsakiya. Nas ta shimfiɗa shi a kan teburin Injiniya, ta danna yatsa a kan layin ƙarshe, inda aka rubuta: sa hannun mai ma'ajiya.

"Yaya, ofis huɗu na shiga da takardar nan tun safe. Kowa sai ya nuna mini layin nan. To ke faɗa mini, ina zan samo hannun Baba? In je in tono shi?"

Injiniya ta jawo fom ɗin gabanta. Ita ce shugabar cibiyar kwamfuta ta jami'ar, shekara tara ke nan, kuma duk wanda ya shigo mata da matsala yakan fita da magani ko ya fita da faɗa. Yau ba ta da ko ɗaya. Ta san fom ɗin sarai, don ita ta tsara shi da hannunta.

Wadda ke tsaye a gabanta babbar 'yar Malam Turɓaya ce, ta taso daga asibiti ko fararen kayan aiki ba ta cire ba. Malam farfesa ne na ilimin ƙasar noma. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba a taɓa ganin takalminsa da tsabta ba; daga gona yake zarcewa aji. Shekara ashirin da shida ya yi yana bin gonakin ƙauyuka goma sha ɗaya, yana auna ruwan sama, yana ɗibar ƙasa a leda, yana rubuta irin da ya yi da wanda ya ƙi. Da gara ta fara cin littattafansa, Injiniya ce ta lallashe shi ya juye komai a cikin ma'ajiyar jami'a ta kwamfuta. "Nan babu gara, Baba," ta ce masa. Ya yarda da ita. Ya zuba komai a ciki, har da littafin da saura babi ɗaya ya kammala. Wata ranar Laraba ya faɗi a bakin ofishinsa, bai sake tashi ba. Ba a yi sati biyu ba aka kwashe ragowar takardunsa aka zubar don a yi wa sabon malami fenti, kwamfutar teburinsa kuma aka goge ta tas aka ba wani.

Abin da ke cikin ma'ajiyar kaɗai ya rage, shi ma kwanakinsa a ƙirge suke.

Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da na'urorin cibiyar suka cika maƙil da finafinai da hotunan mutanen da suka daɗe da barin aiki, Injiniya ta zauna ta rubuta wa jami'a doka. Sashe na goma sha huɗu ya ce duk wanda ya bar jami'a, bayan kwana casa'in na'ura za ta share ma'ajiyarsa da kanta, sai in ya cike fom ya sa hannu ya kwashi kayansa. Ta tuna da mai ritaya, ta tuna da korarre, ta tuna da wanda ya sami aiki a wani wuri. Ta manta da mutuwa. Mutum tara masu manyan digiri suka karanta dokar suka tafa mata, babu wanda ya tuna ana mutuwa. Na'urar ma ta yi aikinta tsakani da Allah: sau uku tana aika gargaɗi, duka zuwa akwatin saƙon mamacin.

"Kwana nawa suka rage?" in ji Nas.

"Tara. Alhamis ta sama, ƙarfe goma sha biyu na rana."

"Amma ai makullin komai yana hannunki. Ki buɗe ki juye mini mana."

"Ba ni da iko." Maganar ta yi wa Injiniya ɗaci a baki. "Sashe na tara ya hana mu buɗe ma'ajiyar wani, ko mu kwafa, ko mu taɓa, sai kwamiti ya amince. Za su zauna ranar Litinin. Na sa maganar Baba a sahun farko. Ki kwantar da hankalinki."

Nas ta ninke fom ɗin ta tura a jaka. "Kwamiti," ta ce, ta ja tsaki ta fita.

Kwamitin Tsara Harkokin Kwamfuta mutum tara ne, kuma sai bakwai sun zauna kafin taro ya zama taro. Malam Turɓaya yana cikin taran, har yau ba a cike kujerarsa ba. Wani kuma yana ƙasar waje yana bincike. Saura bakwai cif, in ɗaya ya yi mura an tashi a tutar babu. Injiniya ba ta cikin lissafi. Tana halarta ne kawai, a kujerar da ke jikin bango kusa da soket, ba ta da ƙuri'a, ba ta magana sai an tambaye ta. Shugaban kwamitin shi ne mataimakin shugaban jami'a, mutum mai taushin murya da tsadar turare, wanda kowa ke kira Za-mu-duba in ya juya baya.

Ranar Litinin ƙarfe goma, mutum shida suka zauna. Sakatare ya buɗe littafinsa ya fara kiran suna. Da ya zo kan na Malam, ya kira, ya saurara, sannan ya rubuta yana faɗa a fili: "Bai halarta ba, bai aiko da uzuri ba."

Injiniya ta ji jini ya hau mata ka. "Sakatare, mutumin nan da kai aka ɗauki gawarsa."

"Na sani, Injiniya, Allah ya jiƙansa. Amma majalisar jami'a ba ta rubuto mana ba tukuna. Ni abin da ke a takarda nake bi."

Wanda bai zo ba shi ne shugaban ɗakin karatu. Aka ce yana can yana buɗe baje kolin littattafai. Injiniya ba ta nemi izinin kowa ba, ta tattare mayafinta ta sauka bene uku, ta ratsa filin ajiye motoci a cikin rana, ta same shi yana riƙe da almakashi ana ɗaukarsa hoto. Ta tsaya a kansa har ya yanka kirtanin, sannan ta taso shi gaba yana haki yana cewa ta bi a hankali, yana da hawan jini. Suka hau benen. Da ta tura ƙofa sai ta ga kujerar shugaban tsangayar likitanci wayam, kofin shayinsa ko hucewa bai yi ba. Wai an kira shi.

Shida dai.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Za-mu-duba, tana ƙoƙarin danne muryarta, "ga allo nan a bango. Minti biyar ya ishe ni in haɗa mu da wanda ke ƙasar waje, ya zama na bakwai."

"Dokarmu ba ta san da allo ba, Injiniya."

"To kai ka sa hannu a matsayinka na shugaba, in an zauna a tabbatar."

Ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro. "Ni kaɗai? Gobe a ce na ci amanar sirrin mamaci? Doka doka ce. Kuma in ban manta ba, ke kika rubuta ta, muka yaba miki."

"Alhamis za a share aikin shekara ashirin da shida, ranka ya daɗe."

"Abin da ciwo ƙwarai. Za mu duba." Ya juya ga Sakatare. "Yaushe ne zama na gaba?"

"Bayan wata uku."

Suka miƙe suna gyara riguna. Ɗaya daga cikinsu har ya tsaya ya tambaye ta me ya sa intanet ɗin ofishinsa yake jan ƙafa kwana biyu. Wallahi da ta buɗe baki a lokacin, da abin da zai fito ba zai rubutu a littafin Sakatare ba.

Talata da Laraba ta yi su a kan ƙafa. Ta je ofishin shugaban jami'a aka ce ya yi tafiya. Ta je wurin lauyan jami'a ya ce ta rubuto, zai ba da shawara cikin sati biyu. Ta bi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi mata ta'aziyya kamar ubanta ne ya rasu, kowa ya ce in sauran sun yarda shi ba shi da matsala, kuma kowa yana da wani uzuri ranar Laraba.

Da yamma ta dawo gida ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana gyara takardun jarrabawar ɗalibansa na sakandare. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Injiniyar gida, yau kuma wa kika cinye? Fuskar nan taki ko kare ya gani sai ya canja hanya."

Ta zube a kan tabarma ta zayyana masa komai. Ya ajiye jan biro.

"Ke za ki iya tsayar da abin?"

"Layi ɗaya ne. In cire sunansa daga jerin waɗanda za a share, shi ke nan. Ko buɗe ma'ajiyar ba sai na yi ba."

"To me ya hana?"

"Taɓawa ce. Kuma ni na shirya na'urar yadda duk wanda ya taɓa, nan take za ta kai ƙararsa wurin 'yan kwamiti gaba ɗaya. Ka manta mutumin da aka kora shekara uku da suka wuce, wanda ya riƙa karanta wasiƙun wata malama? Ni na tsaya kai da fata sai da ya tafi. Akwai masu jirana da wannan har gobe. Ɗanya za su cinye ni."

Ya sosa gemu. "To ki bari mana, maman yara. Kin yi iya yinki. Malam ba ubanki ba ne, kuma ba ke kika hana su zama ba."

"Ni na ce masa ya kawo kayansa wurina." Muryarta ta fashe. "Mutumin nan ya fi yarda da ledarsa da littafinsa, ni na raba shi da su. Haushin kaina nake ji, baban yara, ya fi haushinsu yawa."

Bai sake cewa ta bari ba. Ya tashi ya kawo mata ruwa.

Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, Nas tana zaune a kan bencin da ke bakin cibiyar, ta haɗa hannu a cinya. Ko kai ba ta ɗaga ba. Injiniya ta wuce ta, ta shiga ɗakin na'urori mai sanyin nan da ƙugin fanka, ta zauna a gaban allo. Ma'aikatanta uku suka tsaya a bakin ƙofa tsuru-tsuru.

"Ku fita," ta ce. "Kada wani ya ce ya ga komai, balle a shafa masa."

Jerin ya fito. Suna goma sha bakwai, na Malam shi ne na shida. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga da sunanta na gaskiya, ba ta ɓoye ba, ta cire shi. Da goma sha biyu ta buga, na'urar ta share sauran goma sha shidan, ta bar na Malam yadda yake.

Ta fito ta ce wa Nas, "Yana nan. Ban buɗe ba, ba zan iya ba ki ba tukuna, amma yana nan."

Nas ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mara sauti.

Ba a yi awa guda ba wayar Injiniya ta yi ƙara. Sakatare ne. Taron gaggawa gobe ƙarfe tara.

Don Allah a dubi wannan al'amari. Mutanen da aka yi kwana da kwanaki ana bi kamar ana roƙon gafara, ƙarfe tara saura kwata duk sun hallara. Likita ya zo, babu wanda ya kira shi ko'ina. Mai hawan jini ya hau bene uku da ƙafarsa. Na ƙasar waje ma an ce lallai a sa shi, saboda muhimmancin maganar. Allon da doka ba ta sani ba ranar Litinin, yau ta san shi. Sai dai ya ƙi kamawa. Sakatare ya danna nan ya danna can, gumi ya keto masa, a ƙarshe ya leƙo waje inda take jira.

"Injiniya, don Allah ɗan taimaka mana da wayoyin nan."

Ta shiga ta durƙusa a ƙarƙashin teburinsu, ta haɗa musu wayar da za su yi mata shari'a da ita. Fuskar na takwas ta bayyana a bango, yana ɗaga hannu yana gaisuwa.

Za-mu-duba ya karanta laifinta a hankali, yana jan kowace kalma. Ya tambaye ta ko ta musa.

"Ban musa ba. Ni na yi, da sunana." Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ba ta koma kujerar bango ba. "Amma tunda Allah ya haɗa ku yau har takwas, ga takardar 'yar Malam a gaban Sakatare tun makon jiya. Ku ɗaga hannu ku ba ta kayan ubanta. Minti ɗaya ne. In kun gama ku yi duk abin da za ku yi da ni."

"Wannan taron gaggawa ne," in ji Za-mu-duba. "Magana ɗaya ce a ajanda."

"Ajanda!" Abin da ta yi sati tana haɗiyewa ya ƙwace mata. "Shekara shida mutumin nan yana zaune a kujerar can, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, don kada ku rasa na bakwai. Sau nawa ya baro gona da laka a ƙafa don ya cika muku lissafi? Yau shi yake neman bakwai, an rasa. Amma da aka ce za a yanka Injiniya, ga ku nan har da na bango! Ba kwa jin kunya? Kai, Likita, da ya faɗi ba kai ka rufe masa ido ba?"

Likita ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Shugaban ɗakin karatu ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya kalli shugaba, ya rufe.

"Sakatare," in ji Za-mu-duba, murya ƙasa-ƙasa, "kada ka rubuta wannan. Ba a tambaye ta ba."

Suka fitar da ita, suka yi minti ashirin. Hukuncin guda biyu ne, Sakatare ya karanta mata a tsaye. Na ɗaya, an dakatar da ita daga aiki nan take, ta miƙa makullai. Na biyu, tunda an cire sunan ba bisa ƙa'ida ba, a mayar da shi cikin jerin, na'ura ta yi aikinta.

Ta ajiye makullan a kan littafinsa ta tafi gida, ko ofis ba ta koma ɗaukar jakarta ba. Kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Ta rasa aikin, kuma ba ta ceci komai ba. Haka ta ɗauka.

Abin da 'yan kwamitin ba su lura da shi ba, a cikin saurinsu, shi ne wanda zai aiwatar da hukunci na biyu. Dokar ta ce shugaban cibiya kaɗai ke da ikon sa suna a jerin sharewa da hannu, ga shi sun dakatar da shugabar tun a hukunci na ɗaya. Sakatare ya sauka cibiyar da takarda, ya sami ma'aikatan nan uku. Na farko ya ce shi waya yake ja, bai san komai a kan ma'ajiya ba. Ta biyu ta ce a rubuta mata cewa in ta taɓa ba za a dakatar da ita ba, kuma mutum bakwai su sa hannu. Na uku, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce, "Ni? Bayan abin da na gani da idona? Saura shekara biyu in yi ritaya, Sakatare, ka rufa mini asiri." Ma'ajiyar Malam ta zauna a inda take, ba a share ba, ba a buɗe ba.

Bayan sati uku, da hantsi, Sakatare ya yi sallama a gidan Injiniya. Ya same ta a tsakar gida tana shanya kayan yara, zani ɗaure a ƙugu. Maigidan ya shimfiɗa masa tabarma ya koma gefe. Sakatare ya ƙi zama. Ya zaro ambulan.

"Albishirinki, Injiniya. Shugaba ya duba, ya ce a yi miki sassauci. An janye dakatarwar. Gobe ki koma ofis, komai ya tsaya cak, rajistar ɗalibai ma ta ƙi tafiya."

Ta matse wata riga, ruwan ya zuba kusa da takalminsa. "Sai me?"

"Sai ɗan abin nan da ya rage. Hukunci na biyu. Da kin shiga ki fara da shi, a rufe fayil ɗin."

"In share da hannuna ke nan."

"Ki aiwatar da hukuncin kwamiti."

"Takardar 'yar Malam fa?"

"Tana cikin ajandar zama na gaba. In an sami adadi."

Injiniya ta yarfa rigar a kan igiya, ta daidaita ta, ta sa maƙali.

"Ka gaya wa shugaba na gode. Laifina babba ne, ban gama shan hukuncina ba."

"Haba Injiniya, kada ki yi wa kanki. In kika ƙi dawowa, za a ɗauka kin ajiye aiki. Shekara tara fa. Wani za a ɗauko a ba shi kujerarki, shi kuma ranar da ya zo zai share, ko sanin Malam bai yi ba."

Maigidan ya ɗago ya dube ta. Ita ma ta dube shi. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ɗaukar wani," ta ce, "yaya ake yi?"

Sakatare ya fara lissafi da yatsu, don abin da ya iya ke nan. Sai kwamiti ya zauna ya tsara sharuɗɗa. Sai majalisa ta amince. Sai a buga talla, a jira masu nema, a kafa ƙaramin kwamitin tantancewa, a yi ganawa, a sake dawowa babban kwamiti.

"Duka zai kai yaushe?"

"Shekara guda. In an yi sauri."

Ta sunkuya ta ɗauko wani wandon makaranta daga cikin bokiti, ta fara matsewa.

"To kada ku yi sauri," ta ce.

Sakatare ya daɗe a tsaye da ambulan ɗin a hannu, yana jiran ta juyo. Bokitin kuwa da sauran kaya a ciki.